A Riƙa Nuna Bayanin Kowane Gwajin Manhaja

Ya Edita,

Ina neman fili a jaridarka mai farin jini domin in ja hankalin masu rubuta manhajar kwamfuta game da sakamakon gwaje-gwajen da na'ura ke gudanarwa da kanta. Sau da yawa allo kan cika da ɗigo-ɗigo masu nuna gwaje-gwajen da suka yi nasara, kwatsam harafin F mai nuna gwajin da ya gaza ya ɓullo, a duba a tarar sunan gwajin test_7 ne kawai, wanda ko marubucinsa ya manta abin da yake aunawa. Alhali a unittest, tsarin gwaji na harshen rubuta manhaja na Python, ƙara -v a umarnin gudanar da gwajin ya isa a ga layin farko na bayanin kowane gwaji, muddin an rubuta shi. JUnit 5, tsarin gwaji na harshen Java, shi ma yana da @DisplayName, wato alamar ba wa gwaji suna mai bayani, tun 2017.

Naka,
Wani mai karatu