Rahoton Ayyukan Shekara: Gyaran Tsohon Soron Gidan Dagaci

Assalamu alaikum, iyayenmu magina da sauran 'yan ƙungiya.

Aikin bana kusan duka ya ƙare ne a bangon gabas, inda ruwan damina ya fi duka. Siminti aka taɓa shafa masa, da kyakkyawar niyya, amma siminti da ginin ƙasa ba sa ga maciji. Bangon tubali yana shan danshi da damina ya fitar da shi da rani. Siminti kuwa in ya tsage ruwa ya shiga, babu hanyar fita. Ƙwanƙwasa shi ka ji yana amsawa kamar ganga. Da muka ɓamɓare, tubalan gindi sun koma gari, gara ta yi hanya har kusa da rufi.

Ba mu rushe gaba ɗaya ba. Gaɓa-gaɓa aka bi, a tokare sama, a kwashe ruɓaɓɓen wuri, a cike, sannan a matsa gaba. Ƙasar birji, wato ƙasa mai tsakuwa, aka jiƙa, aka zuba ciyawa, aka tattake da ƙafa, aka bar ta ta kwana biyu kafin a mulmula tubali. Shanya mako biyu a rana. Wanda aka yi gaggawar ɗauka, cikinsa ɗanye ne, kuma shi ke fashewa a bango. Ana jera tubali tsini sama, a cusa kwaɓi a tsakani, kowane sahu ya sha iska kafin a ɗora wani.

A rufin zaure, bakan gizon, wato lanƙwasasshen ginin da ke ɗauke da rufi, lafiyarsa lau, ba mu taɓa shi ba. Azara ce matsalar, ita ma ba tsakiyarta ba: bakin da ke binne cikin bango shi ke ruɓewa. Mun sauya waɗanda suka lalace da ta namijin giginya, don ta mace ba ta kai ta ƙarfi ba. Kada kowa ya ja azara ta wuce mita 1.8 babu abin tallafi, za ta lanƙwashe.

Yoyon ɗakin baya, ashe indararo ne ya toshe da sheƙar tsuntsu. An share, an ƙara masa tsawo don kada ruwa ya riƙa cin gindin bango. Zankwaye ma an ɗan gyara su.

Yaɓen waje da makuba muka yi, ɓawon ɗorawa dakakke da aka jiƙa aka kwaɓa ƙasa da ruwansa. Laso, yaɓen da ke hana ruwa shiga, muka so yi wa rufi, sai katsin da ake haɗa shi da shi, wato abin da ke kwantawa a ƙasan rijiyar rini, ya gagara. Marinar da ke kusa da mu ta mutu, sai an je irin su Ƙofar Mata a Kano, ga gashin jima (gashin da ake cirewa daga fata a majema) da dafara (wani tsiro mai danƙo) da za a nema.

Bangon yamma na nan da simintinsa. Za a fara shi bayan kaka in Allah ya kai mu, a gama kafin ruwan fari. Duk mai ɗorawa a gona, don Allah kada a zubar da ɓawon, a tara a kawo zaure.