Rahoton ayyukan laburarenmu na harkokin ƙasashen waje, Jos, shekarar 2025

Assalamu alaikum iyayenmu, malamanmu, 'yan uwa maza da mata. Barkanmu da sanyi, ya hunturun bana? Shugaba ne ya ce in turo rahoton shekara tun kafin ranar mitin saboda membobinmu na Abuja da Bauchi da ba lallai su samu zuwa ba, kuma dan kowa ya zo da tambayarsa a shirye. Lissafin kuɗi baya cikin nan, ma'aji zai karanto shi da rasit ɗinsa a gaban kowa ranar, ni bayanin aiki kawai zan yi.

Zan fara da abin da ya fi tsaya min a rai. Kun san ranar 29 ga Janairun 2025 ne ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ECOWAS ta tabbata, shekara ɗaya bayan sun sanar, ƙungiyar ta koma ƙasashe 12. To a satin nan mutanen da suka riƙa shigo mana laburare ba ɗaliban jami'a bane kamar yadda muka saba, direbobi ne da 'yan kasuwa. Wani bawan Allah mai kai dankali da kabeji har Maraɗi ya shigo riƙe da waya, ya ce an turo musu murya a WhatsApp cewa daga yanzu ba mai shiga Nijar sai da biza, shi kuma ga kaya ya riga ya ɗaura ga kuma ƙanwarsa tana aure can, ya ce Malam dan Allah ka faɗa min gaskiya. Muka ɗauko masa yarjejeniyar zirga-zirga ta 1979 wadda ta ba ɗan ƙasar ECOWAS damar shiga wata ƙasar ƙungiyar ya zauna har kwana 90 ba biza, sannan muka buɗo sanarwar da ita ECOWAS ɗin ta fitar a ranar, inda ta ce a ci gaba da karɓar fasfo da katin shaidar mutanen ƙasashen uku kuma a bar su suna shige da fice har sai an ji wani sabon bayani. Na karanta masa da Hausa layi bayan layi, na kuma gaya masa wannan ɓangaren ECOWAS ne, abin da zai tarar a boda ya tambayi waɗanda suka dawo kwanan nan. Bayan kwana biyu sai ga abokansa daga tasha suma suna so a karanta musu.

Wallahi ranar na ƙara yarda da dalilin da ya sa muka buɗe ɗakin nan. Mutanenmu ba jahilan labarin duniya bane, tun 1957 BBC ke magana da Hausa kuma duk teburin mai shayi a Bauchi Road ko Anguwan Rogo za ka ji ana fashin baƙin Rasha da Amurka da Iran. Labari muna da shi har ya yi yawa. Takardar asali ce bamu da ita, wato ita yarjejeniyar kanta, shi hukuncin kansa, shi jawabin kamar yadda mai shi ya faɗa. Kuma waɗannan mutane sun sha wuya lokacin da aka rufe boda aka yanke wa Nijar wuta bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, har zuwa Maris ɗin 2024 da Najeriya ta buɗe nata ɓangaren, iyaka ce mai tsawon kusan kilomita 1,500 kuma duk dangi ne ta kowane gefe. Wanda abu ya taɓa cikinsa da zumuncinsa haka ya cancanci ya ga takardar da idonsa.

Shi ya sa babban aikin da muka sa gaba bana shine fayil ɗin takardun asali. Yawancinsu suna nan kyauta a intanet a shafin Majalisar Ɗinkin Duniya da na Kotun Duniya da na ECOWAS, amma ba kowa ke da data ko haƙurin karanta shafi ɗari a waya ba, sai muka sauke muka buga muka kai aka ɗinke su da bango mai kauri. Yanzu a kanta ta farko akwai jawabin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa na 7 ga Oktoban 1960 ranar da Najeriya ta zama ƙasa ta 99 a Majalisar Ɗinkin Duniya, akwai yarjejeniyar Legas ta 28 ga Mayun 1975 da ta kafa ECOWAS, akwai jawabin Janar Murtala a Adis Ababa na Janairun 1976 kan Angola wanda ya yi wata ɗaya kafin a kashe shi, da hukuncin Kotun Duniya kan rikicin yankin Bakassi tsakanin Najeriya da Kamaru, da yarjejeniyar Biyana ta 1961 kan hulɗar jakadanci. Shi jawabin Murtala har sai da muka sake buga wani dan na farko ya yi laushi da yawan hannu.

Ta ɓangaren littattafai kuwa, kyauta mafi girma daga Baba ta zo, dattijonmu da ya yi aiki a ofisoshin jakadanci kafin ya yi ritaya. Kwalaye ya aiko da su a bayan a-kori-kura, tsofaffin mujallu da rahotanni da yankakkun jaridu da ya riƙa tarawa tun zamanin ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta ECOWAS, a Laberiya a 1990, har da rubutunsa da biro a gefen shafi. Allah Ya saka wa Baba da alheri Ya ƙara lafiya. Ɗalibanmu na jami'a suka zauna lokacin hutu suka shigar da komai a kwamfuta, suna da marubuci da shekara da lambar kanta, muka jera su yanki-yanki, Afirka ta Yamma daban, Tafkin Chadi daban, Gabas ta Tsakiya daban, Majalisar Ɗinkin Duniya da dokokin ƙasa da ƙasa daban. Yanzu in ka tambayi littafi ba sai an birkita ɗaki ba.

Amma mun yi asara, kuma dole in faɗa. Da damina wani ruwa da ƙanƙara irin na Jos ya fasa mana kwano ta kusurwar gabas da dare, kan gari ya waye kantar Tafkin Chadi ta jiƙe sharkaf. Mun shanya abin da zai shanyu, wasu sun manne basu rabu ba, cikinsu har da tsofaffin rahotanni kan Hukumar Tafkin Chadi da aka kafa a 1964 waɗanda ban san inda za mu ƙara samun irinsu ba. Abin ya yi min ciwo sosai dan tun bazara an nuna mana wurin yana yoyo muka ce sai kuɗi sun shigo. An gyara kwanon yanzu, kafinta ya ɗaga ƙafafun kantoci daga ƙasa ya kuma janye su daga jikin bango saboda laima da gara.

Zaman karatu na wata-wata ya ci gaba, Asabar bayan la'asar, sai dai mun ɗaga na watan azumi. Na watan Mayu kan cikar ECOWAS shekara 50 muka yi, kuma da yake Janar Gowon wanda shi da Eyadema na Togo suka yi ta zagaye har ƙungiyar ta kafu ɗan asalin Filato ne, ɗakin ya cika har waje. Mun yi zama kan shigar Najeriya BRICS, ƙungiyar su Brazil da Rasha da Indiya da Sin da Afirka ta Kudu, a matsayin abokiyar hulɗa a Janairu, inda da yawa suka zo da tunanin mun zama cikakkiyar memba sai da aka warware musu. Mun yi kan kujerar naƙi saboda abin da ke faruwa a Gaza, me ya sa ƙasa ɗaya cikin biyar ɗin nan, Amurka da Rasha da Sin da Ingila da Faransa, za ta iya tsayar da ƙudurin Kwamitin Sulhu ko da sauran 14 sun yarda.

Wanda ya fi zafi dai na Bakassi ne. Kusan kowa ya shigo da maganar cewa kyautar da yankin aka yi, sai muka raba shafukan hukuncin 10 ga Oktoban 2002 aka karanta, mutane suka ga kotun ta dogara ne da yarjejeniyar Ingila da Jamus ta 1913, suka ga kuma shari'ar ba Bakassi kaɗai ta shafa ba, iyakar ce gaba ɗaya tun daga Tafkin Chadi har teku, har da Darak inda masunta 'yan Arewa ke zaune. Sai ga yarjejeniyar Greentree ta Yunin 2006 da ta tsara yadda za a miƙa Bakassi ga Kamaru, da miƙawar ƙarshe a Agustan 2008. Wani lauya cikinmu ya kawo sashe na 12 na kundin tsarin mulkin 1999 da ya ce yarjejeniya bata zama doka a Najeriya sai Majalisar Tarayya ta mayar da ita doka, nan gardama ta koma sabuwa har aka kira magariba. Ba a tashi da ra'ayi ɗaya ba, amma kowa da shafin da yake nunawa a hannu, ni kuma irin gardamar da nake so kenan.

Akwai abin da ya ban mamaki a zaman da muka yi da 'yan sakandare. Na tambaye su wa ya san Joe Garba, shiru. Mutumin Langtang ne fa, nan Filato, shine kwamishinan harkokin waje daga 1975 zuwa 1978, ya shugabanci Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya a 1989, ya rasu a 2002 yana shugaban cibiyar nazarin manufofi da dabarun ƙasa ta NIPSS da ke Kuru, nan bayan Bukuru. Farfesa Tijjani Muhammad-Bande ma Kuru ya riƙe kafin ya hau kujerar shugabancin Babban Zauren a 2019. Da na faɗa musu wata yarinya ta ce Malam ashe daga nan ma ana zuwa can? Tun ranar take zuwa duk Asabar ita da ƙawayenta, Musulmi da Kirista a benci ɗaya, wanda duk ya san garin nan ya san wannan ba ƙaramin abu bane.

Inda muka fi rauni har yanzu shine Hausa. Kusan duk abin da ke kantocinmu Turanci ne, ɗan kaɗan Faransanci da Larabci, alhali mutanen da suka fi buƙatar bayanin irin direban nan ne. Kwamitin fassara ya gama sashe na 19 na kundin tsarin mulki mai manufofin hulɗar waje guda biyar, da muhimman sassan yarjejeniyar 1979, da jawabin Tafawa Ɓalewa, na Murtala ana kai. Aikin yana tafiya a hankali saboda kalma ɗaya sai ta cinye zama guda, an daɗe ana ja-in-ja kan bambancin sa hannu a yarjejeniya da amincewa da ita a majalisa, da inda za a ce takunkumi da inda za a ce ƙauracewa. Ni ina ganin jinkirin ya fi a fassara ba daidai ba mutum ya ɗauka ya je boda da shi. Babban laburaren wannan fanni a ƙasar nan yana cibiyar nazarin harkokin ƙasashen waje ta NIIA a Legas wadda aka kafa tun 1961, yaron unguwar Dilimi ta nan Jos ba zai je can ba, in ma ya je ba Hausa zai tarar ba, to wannan gurbin namu ne mu cike.

Ziyarar Kuru da muka yi alkawari bara bata yiwu ba, bamu rubuta wasiƙa da wuri ba kuma kuɗin mota ya fi ƙarfin asusu. Maganar sola ma tana nan, in an ɗauke wuta kwamfuta da firinta sun tsaya kenan. Sannan iyayenmu mata sun yi ƙorafi kuma suna da gaskiya, bayan la'asar lokacin girki ne, sun nemi a riƙa yin wani zaman da hantsi, za a kawo maganar gaban mitin a kaɗa ƙuri'a.

Na baɗi abin da kwamiti ke kawowa shine a gama fassarar jawabin Murtala, a fara naɗar fassarorin da murya dan a riƙa turawa direbobi da 'yan kasuwa ta waya, a ɗauki hoton takardun Baba shafi-shafi kafin wata daminar, a kuma buɗe kanta ta musamman kan Najeriya da Nijar tun daga hukumar haɗin gwiwa ta 1971 mai ofis a Yamai. Duk mai jin Faransanci cikinmu muna neman sa ruwa a jallo dan takardun AES, ƙawancen Nijar da Mali da Burkina Faso, da Faransanci suke fitowa.

Sai roƙo na ƙarshe. Rajistar aro ta nuna akwai littattafai a hannun mutane tun kafin babbar sallah, wasu ma cikin kayan Baba ne da babu kwafinsu ko'ina. Ban sa suna a nan ba. Dan girman Allah duk wanda ya san akwai littafin laburare a ɗakinsa ko ofis ya taho da shi ranar mitin, wanda ba zai samu zuwa ba ya bayar a kawo.

Wassalam,
Sakatare