Kafin ka biya kuɗin baƙar motar nan

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, kai da uwargida da yara. Yaya ruwan Fatakwal? Mu nan Kaduna sai godiya. Shekaranjiya na biya na gaida Hajiya, ƙafar ta yi sauƙi sosai, har ta ce in gaya maka kada ka yarda Babbar Salla ta wuce ba ta ga jikokinta ba.

Hotunan motar sun iso, na kuma kalle su ya fi a ƙirga. BMW 335i ƙirar 2008, baƙa wuluk, kujerun fata, fenti yana ɗaukar ido. Ka ce in ba ka amsa da kalma ɗaya, ka saya ko kada ka saya, domin dillali yana matsa maka. Na kasa. Shekara ashirin ke nan ina kwance a ƙarƙashin motocin Jamus, kuma na san tun muna yara babu motar da ke tsayar da kai a titi kamar BMW. Shi ya sa na bari sai da na rufe gareji, na yi sallar isha'i, sannan na zauna in rubuta maka a tsanake.

Gaskiyar farko ita ce motar tana da daɗi, ba zan ɓoye maka ba. Injin da ke cikinta, wanda ake kira N54, silinda shida ne a jere, lita 3, da turbo biyu, ƙarfinsa wajen doki 300. Shi ya ci kyautar gwarzon inji na duniya a 2007, ya sake ci a 2008. In ka taka totur a hanyar da babu rami, za ka ji kujera ta rungume ka, sitiyari kuma yana bin hannunka kamar ya san abin da ke ranka. Duk wanda ya ce maka motar banza ce bai taɓa tuƙa lafiyayya ba.

Amma ka tambayi kanka dalilin da ya sa kuɗinta bai kai na Corolla sa'arta ba, alhali ranar da suka fito daga kamfani ta ninka Corollar. Kuɗin mota yana faɗuwa da shekaru, kuɗin kayan gyaranta ba ya faɗuwa. Wanda zai sayar maka ya riga ya yi wannan lissafin. Galibi mutum yakan rabu da irin wannan mota ne lokacin da gyare-gyaren da ya daɗe yana ɗagawa suka taru suka fi ƙarfin aljihunsa, sai ya wanke inji tas, ya sa a goge fitilun gargaɗi da kwamfuta, ya kira dillali.

Bari in fara da abin da ya fi ba ni tsoro, wato ruwa. Famfon ruwan wannan injin na lantarki ne, ba fanbel ke juya shi ba kamar na motocin da muka saba. Ba ya kuka, ba ya yoyo, ba ya sallama. Kana cikin tafiya sai ka ji fankar lagireto ta tashi da ƙara kamar jirgi, fitila ruwan ɗorawa ta kama, kafin ka sami wurin fakin ta koma ja, motar ta rage wa kanta gudu. Kuma babu allurar zafin ruwa a gabanka, ta zafin baƙin mai kawai suka sa. In ka tsaya nan take ka kira janwe, asararka famfo da tamostat (mai daidaita zafin ruwan inji) ce, sababbi na asali wajen dala 500. In ka yi lissafin dala a kan naira 1,500, ka ga an tasar wa dubu 750, ban da kuɗin aiki. In kuwa ka ce bari in lallaɓa in kai gida, tof silinda ce za ta lanƙwashe, daga nan maganar ta zama ta miliyoyi. Yawancinsu sukan mutu ne bayan motar ta haura kilomita dubu 100, kuma mota mai wannan shekarun ta wuce nan tuni, ko me agogonta ya nuna. Ka san yadda ake mayar da agogo baya a ƙasar nan.

A nan ne 'yan'uwana makanikai suke ƙara ɓata lamari, kuma abin yana ci mini rai. Mota ta yi zafi, sai a cire tamostat a jefar, a haɗa fanka kai tsaye, a ɗura ruwan rijiya a lagireto, a ce ai ƙasarmu da zafi. Wannan dabarar ta yi aiki a kan Peugeot 504. A wannan motar ƙwaƙwalwar inji ce ke sarrafa famfo da tamostat da fanka gaba ɗaya, kuma tankin ruwa da bakunan tiyo duk roba ce da ta sha zafin shekaru ta bushe. Ka taɓa ɗaya, na kusa da shi ya ɓalle a hannunka.

Sai yoyon baƙin mai. Hausawa sun ce kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, to wannan injin in ya tsufa ta wuri uku yake zuba: murfin sama, wanda shi ma roba ne kuma yakan tsage, da gaskit ɗin kaskon ƙasa, da gaskit ɗin gidan filtar mai. Na kaskon ƙasa araha ne a kasuwa, sai dai kafin hannu ya kai gare shi dole a rataye inji a sassauta ƙarfen da ke ɗauke da ƙafafun gaba, aikin yini guda cur. Na gidan filta kuwa shi ne mugu. Ƙaramin zobe ne na roba, bai fi tafin hannu ba, amma daidai saman fanbel yake ɗiga.

Bara aka jawo mini irin motar nan, ta wani matashi ma'aikacin banki. Wata shida yana ganin ɗigon mai a inda yake kwana da ita, wani bakanike yana ce masa ba komai, ya riƙa ƙara mai kawai. Mai ya jiƙa bel, bel ya kumbura ya zame, ya naɗe a bayan fulin ƙasa, inji ya tsotse shi ta sil ɗin gaba zuwa ciki. Da muka sauke kasko, zaren bel ne cunkushe a bakin matsotsar mai kamar gashi a rariyar wanka. Mai bai hau sama ba, inji ya buga. Yaron nan ya zauna a kan benci a garejina ya riƙe kai, bashin da ya ci ya sayi motar bai ma gama biya ba. Har yau tana nan a rufe da tamfol, yana neman injin Beljiyam da zai iya saye. Duk lokacin da na wuce ta sai na tuna da kai, tun kafin ka turo hotunan nan. Ka kuma sani injin ba shi da sandar gwada mai. Na'ura ce ke faɗa maka a allo, in ta lalace kana tafiya a makance. Lita 6.5 yake sha, kuma sai mai na musamman, ba wanda ake aunawa a galan a bakin titi ba.

Ɓangaren fetur shi ne ya yi wa wannan injin suna tun yana sabo. Akwai famfo mai matsa fetur da ƙarfi zuwa cikin silinda kai tsaye. In ya fara gajiya, sai ka ga mota tana jan kiki da safe kafin ta tashi, ko kana cikin wuce tirela ta yanke ƙarfi, hoton rabin inji ya fito a allo. A Amurka abin ya yi yawa har a watan Oktoban 2010 kamfanin ya kira motoci wajen 130,000 domin gyara, ya kuma tsawaita garantin famfon zuwa shekara 10 ko mil 120,000. Wannan garantin ya ƙare tuntuni, yanzu daga aljihunka ne. Nozul ɗin injin, masu fesa fetur cikin silinda, guda shida ne, kowane ɗaya ya haura dala 200, shidan ba sa kasa dala 1,500, kuma in an sa sabo sai an shigar da lambarsa cikin ƙwaƙwalwar mota. Mai sayar da kayan gwanjo zai rantse maka nasa lafiyayyu ne, amma ba shi da na'urar da zai gwada su, kai ma ba ka da ita. Ka haɗa wannan da irin man da muke sha. An ƙera motar ne don fetur mai daraja ta sama, mu kuwa iri ɗaya ake sayar mana a ko'ina, wani lokacin ma da gauraye. Ba ka manta da gurɓataccen man Fabrairun 2022 ba. A waɗancan makonnin garejina ba masaka tsinke, kuma motoci masu irin wannan nozul su suka fi jin jiki.

Akwai kuma baƙin dattin da ke taruwa a bayan bawul, tunda fetur ba ya bi ta kansu balle ya wanke su. Turawa da garin ɓawon wani ɗan itace mai tauri suke feshe shi, mu nan sai mu buɗe mu kankare da hannu. Turbo biyun kuma in sun tsufa za ka ji suna kwaratsi kamar an kaɗa gwangwani, musamman da safe ko in ka ɗaga ƙafa daga totur. Suna iya daɗewa suna wannan ƙarar, amma ranar da za a canza su, kayan kaɗai sun wuce dala 1,000, aikin kuma kwana biyu ne. Filogi da kwil ba na ma sa su a lissafi, waɗannan cefanen yau da gobe ne.

Giyabos ɗinta na kamfanin ZF ne, giya shida, kuma mai ƙarko ne in an kula da shi. Matsalar ita ce an gaya wa mutane man cikinsa na har abada ne, alhali su ZF da kansu sun ce a canza shi bayan kamar shekara takwas. In ka ji tana dukan giya daga ta biyu zuwa ta ɗaya lokacin da za ka tsaya, to mai yiwuwa ba a taɓa canzawa ba.

Yanzu ka kalli inda kake zaune. Fatakwal garin ruwa ne, motar kuma gajera ce, cikinta kusa da ƙasa. Batirinta a but yake, tare da wayoyi da na'urori, in robar murfi ta saki ruwa ya taru a wurin, fitilu za su yi ta kamawa kamar ana biki. Ko batir ka canza sai an sanar da ƙwaƙwalwar mota da kwamfuta, in ba haka ba caji ba zai daidaita ba, sabon ya mutu da wuri. Sannan ba ta zo da safaya ba, babu ma ramin ajiye ta, domin tayoyinta na asali irin waɗanda ake iya tafiya da su ne ko sun yi faci. Tsada ta sa kusan kowa ya koma tayoyin gama-gari. To ka ɗauka ka ɗebo iyali za ku zo Salla, rami ya fasa maka taya tsakanin Okene da Lokoja da la'asar sakaliya. Wannan tunanin ya fi na inji hana ni barci. Bushin ɗin ƙafafun gaba da shokazoba kuwa, a hanyoyinmu, ka ɗauke su abin canzawa ne a kai a kai.

Da a ce shekarun baya ne, da na ce maka bismilla, za mu lallaɓa. Amma tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023, naira kuma ta faɗi, komai na motar nan da dala ake auna shi, kai kuwa albashinka da naira yake zuwa. A Panteka da Ƙofar Ruwa za ka sami kayan Toyota a kowane layi. Na wannan sai an aika Ladipo a Legas, ko a yi odar waje a jira mako uku, motar tana zaune. Ga babbar 'yarka za ta shiga jami'a baɗi, ga ginin Rigasa bai kai linta ba.

Ra'ayina ke nan: in ita kaɗai za ta zama motar gidanka, kada ka saya. In za ka riƙe tsohuwar Camry ɗinka don kai yara makaranta, kuma bayan ka biya kuɗin mota kana da aƙalla rabin wannan kuɗin a ajiye wanda ba na abinci ba ne, ba na makaranta ba, to sai mu duba ta da kyau. In kuma siffar ce ta kama ka, nemi 'yar'uwarta 328i. Jiki ɗaya ne, babu turbo, babu wancan famfon fetur, babu nozul masu tsada. Famfon ruwa da yoyon mai suna nan, amma rabin ciwon kan ya tafi, kuma daɗin sitiyarin bai ragu ba.

Kada ka ba dillali ko kafin alƙalami tukuna. Ka ce a bar motar ta kwana ba a tayar ba, ka je da sassafe, ka taɓa bonet ka tabbatar da sanyi, sannan a kunna kana ɗaukar bidiyo. Ina son in ji daƙiƙa nawa take yi kafin ta kama, in ji ƙarar ƙasan inji, in ga launin hayaƙin salansa. Ka haska tocila a gaban inji wajen bel, ka ɗaga kafet ɗin but ka shafa ko da danshi. Ka turo mini lambar shasi in duba ko ta taɓa yin hatsari ko nutsewa a ruwa kafin ta shigo ƙasar nan. Sannan a sa mata kwamfuta bayan kun yi tafiyar rabin sa'a, ba kafin nan ba, domin abin da aka goge yakan dawo in inji ya ɗau zafi. In mai motar ya ƙi ko ɗaya daga cikin waɗannan, ka yi masa sallama cikin mutunci ka tafi.

In komai ya yi kyau, ka gaya mini, zan bar wa yarana gareji in hau mota in zo in shiga ƙarƙashinta da kaina. Dama na daɗe ban ga yaran ba. Ka gaida uwargida, ka ce maiɗakina tana godiya da busasshen kifin da ta aiko. Ina jiran bidiyon ranar Asabar in Allah ya kai mu.

Wassalam,
naka amininka,
daga Kaduna.