Wasiƙar Godiya ga Makanikan da Suka Gano Ciwon Motata a Ringim

Zuwa ga Maigida da yaransa na garejin da ke gindin darbejiya, a bakin hanyar da ta fita daga Ringim zuwa Taura.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri, na ga ya dace in yi muku wannan godiya a bainar jama'a, domin yabon gwani ya zama dole.

Motata Golf 3 ce, irin wadda aka daina ƙerawa tun kafin shekarar 2000, kuma ita ce ƙafata zuwa makarantar da nake koyarwa, ita ce kuma take kai mini riɗi kasuwar Gujungu. Bayan damina injinta ya gaji, aka sauke shi a wani wuri aka canza ringi, motar ta yi kusan mako uku a ajiye. Da na karɓo ta injin ya yi daɗi ƙwarai, amma da zarar na wuce gudun kilomita 80 sai in ji bayanta yana rangaji, kamar ba ya bin umarnin sitiyari. Ran nan a wata kwana, da iyali a ciki, bayan motar ya zame har sai da uwargida ta yi salati. Tun daga lokacin na ƙudurta a raina cewa wanda ya gyara injin ne ya ɓata mini mota.

Da wannan zargi na zo muku, Maigida, kuma ba ka karɓe shi ba. Ka nuna mini cewa injin wannan mota da giyarta duk a gaba suke, ƙafafun gaba ne suke janta, saboda haka mai sauke inji ba shi da abin da zai kai hannunsa baya. Sannan ka tambaye ni gudun da nake yi kafin gyara. Da na ce da ƙyar take kai 60, sai ka ce watakila ciwon ya daɗe, raunin injin ne ya rufa masa asiri.

Abin da ya fi burge ni shi ne ba ku kwance komai ba sai da kuka bi abubuwa masu sauƙi tukuna. Yaronka ya auna iskar tayoyin baya, ya samu ta dama tana da 32, ta hagu kuwa ta sauka zuwa 18 saboda zaman da motar ta yi. Ya nuna mini lambobi huɗu a gefen tayar, biyu na farko makon da aka ƙera ta, biyu na ƙarshe shekara, abin da ban taɓa lura da shi ba duk tsawon tuƙina. Ya duba ko notin ƙafa ya saki, ya danna bayan motar da ƙarfi ya cika, ta ɗago sau ɗaya ta tsaya, ka ce shokozoba lafiyarta ƙalau. Ni kuwa da kuɗin sabuwa na zo a aljihu, kuma da ka so ka karɓa da ban yi musu ba.

Sai da aka ɗaga motar a kan jak ciwon ya fito fili. Ka kama tayar hagu sama da ƙasa ka girgiza, na ji ƙas-ƙas da kunnena, ka ce boris ne, wato ƙarfen da ƙafar mota take juyawa a kansa, ya yi sako-sako. Daga nan ka kira ni na durƙusa, ka sa liba a inda ƙarfen da ya haɗa ƙafafun baya yake manne da jikin mota, ka ɗan banƙara. Robar da ke wurin, wadda ake kira bushin, ta tsage gida biyu, ta bushe kamar tsohuwar fata, ƙarfen yana wasa a cikinta. Ka bayyana mini cewa idan wannan roba ta mutu, ƙafafun baya suna karkata da kansu a kwana ko a gargada, shi ya sa direba yake jin motar tana neman kufce masa.

Washegari aka sayo bushin biyu daga Ƙofar Ruwa a Kano, domin ka ce ba a canza ɗaya a bar ɗaya. An wanke boris an sa sabon giris an daidaita shi, kuma ba a ɗaure notin bushin tamau ba sai da motar ta sauka a kan ƙafafunta, don kada robar ta murɗe. Bayan haka ka shiga da kanka muka gwada ta har kusa da Taura. Tsofaffin robobin ma a leda ka ba ni su.

Na koma wurin wanda ya gyara mini inji na nemi afuwarsa, kuma ya yafe. Wannan ma a dalilinka ne. Allah Ya saka da alheri, Ya sa albarka a sana'arku, Ya raya yaran da kake koya wa aiki. Tayar da ka ce ta tsufa in canza, in sha Allahu da zarar albashi ya shigo zan kawo motar ka zaɓa mini da kanka.

Naku,
Wani malamin firamare daga ƙaramar hukumar Taura, Jihar Jigawa.