Wasiƙa daga Pune game da fason Hajiya

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Aminina, bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya tare da iyali. Saƙonka ya iso ni, kuma raina bai yi daɗi ba da na ji faso ya sake kama Hajiya tun shigowar hunturu, har ba ta iya taka ƙasa da asuba sai da ɗingishi. Ka tambayi abin da mutane a nan Indiya suke yi wa wannan lalura a gargajiyance, to ga abin da na koya.

Masu ilimin Ayurveda, wato maganin gargajiyar Indiya, suna kiran faso da suna padadari, kuma tsohon littafinsu na Sushruta ya lissafa shi cikin ƙananan cututtuka, ya danganta shi da yawan tafiyar ƙafa da bushewar da suke jingina wa abin da suke kira vata, wato iskar jiki. Maganin da ya bayar shi ne a gasa ƙafar, a mulke ta da mai, sannan a cike tsagar da haɗin kakin zuma da kitse da man shanu da ƙaron wata bishiya. Har yau suna ɗaukar shafa man riɗi a tafin ƙafa kafin barci a matsayin al'adar kullum, ba sai ciwo ya zo ba, kuma a ganina nan ne ƙarfin maganin nasu yake.

Ni kaina na gwada a watan Disamba, lokacin da dunduniyata ta tsage. Tsohuwar da nake haya a gidanta ta kawo mini wani curin farin mai da ake tatsa daga ƙwallon kokum, bishiyar da ke fitowa a gaɓar tekun Konkan da ke yammacin Indiya. Mai tauri ne kamar sabulu, sai da ta kara shi kusa da wuta ya narke, ta sa na ɗiga shi cikin kowace tsaga bayan na jiƙa ƙafata a ruwan ɗumi, na sa safa na kwana. Kafin mako ya zagayo zafin ya lafa.

Ba sai na aiko da shi ba, domin man kaɗanya zai yi wa Hajiya wannan aikin, musamman idan an narka shi da ɗan kakin zuma. Wasu a nan sukan daka ganyen darbejiya, wadda asalinta ma daga wannan nahiya take, su haɗa da kurkum su shafa.

Amma ina roƙonka, tunda ka taɓa ce mini ana zargin tana da ciwon suga, kada a goge mata kaushi da dutse ko reza, kuma idan tsagar tana jini ko ruwa, a kai ta asibiti kafin a shafa komai.

Ka durƙusa ka gaishe mini da ita, Allah ya ba ta lafiya. Ina jiran labarin yadda ƙafar ta kasance.

Naka amini,
daga Pune.