Godiya ta musamman ga ma'aikatan filin jirgin Sultan Abubakar III, Sakkwato

Assalamu alaikum. Wallahi tun da muka dawo nake ta cewa sai na rubuta wannan, don abin da kuka yi wa mahaifiyata bai kamata in yi shiru a kai ba.

Likita ne ya tura mu Asibitin Ƙasa na Abuja saboda ciwon ƙugu da ya hana Inna takawa. Duk wanda ya san hanyar nan ya san me ake nufi, Talata Mafara, Gusau, Tsafe, Funtuwa, Zariya, Kaduna sannan Abuja, sama da kilomita 600, ka fita da asuba ka isa da dare in an samu sa'a, ga ramuka ga fargabar da kowa ke ciki a yankin Zamfara, ita kuwa ko zaman minti talatin a kujera sai ta fara hawaye. Sai yayana ya ce a haɗa kuɗi kawai a bi jirgi, tunda ta sama tafiyar ba ta ma cika kilomita 500 ba, kamar awa ɗaya ce.

To matsalar Inna ba ta taɓa hawa jirgi ba, tsoro take ji sosai. Muna sauka daga mota wani bawan Allah cikin ma'aikatanku ya hango yadda muke riƙe da ita, ba mu ma kira shi ba sai ga shi da keken marasa lafiya, ya durƙusa har ƙasa ya ce "Inna ina kwana, ya jiki?" Shi ya tura ta har wajen awon kaya, ya nuna min inda zan miƙa katin shaida, ya sa aka ba ta kujera ta kusa da ƙofa. Wata baiwar Allah mai binciken mata ita ma ta lallaɓa ta a hankali, ba tsawa ba gaggawa. Ranar akwai hazo, sai da aka jira ya washe, kuma duk tsawon zaman nan ya dawo wajenmu ya fi sau uku yana gaya mana halin da ake ciki. Da lokacin hawa ya yi su biyu suka ɗaga ta a matakala kamar uwarsu ce, na zaro ɗan abin da ke aljihuna ya rantse ba zai karɓa ba, ya ce a sa shi a addu'a dai.

Inna ta damƙe carbinta ta rufe ido da jirgi ya tashi. Ko ruwan da aka ba ta ba ta gama sha ba aka ce a ɗaura bel za mu sauka filin Nnamdi Azikiwe, ta juyo ta ce min "wai har mun zo?" Azahar a cikin asibiti muka yi ta.

Ban riƙe sunayenku ba amma fuskokinku suna nan a raina. Allah Ya saka muku da alheri, Ya jiƙan magabatanku, Ya ba ku masu yi muku fiye da haka. Inna tana gaishe ku, jiki da sauƙi, yanzu har tana takawa da sanda zuwa ƙofar gida.