Ba kowane matuƙin jirgi ne zai iya komawa dakon kaya ba

Assalamu alaikum Malam Edita, ya aiki, ya jama'a. Allah ya ƙara basira.

Na rubuto ne kan shirinku na tattalin arziki da aka taɓo maganar matuƙan jirgin sama, inda wani bawan Allah ya bugo waya yake cewa su ai ba su da bakin yin kuka tunda albashinsu ya kere na kowa, kuma wai in fasinja ya yi ƙaranci sai su koma ɗaukar kaya kawai, shike nan magana ta ƙare. Ni dai ba matuƙi ba ne, ejan ne ni mai fitar wa 'yan kasuwa kayansu a filin jirgi, amma sana'ar ta haɗa ni da mutanen nan sosai kuma wallahi abun ba haka yake ba ko kaɗan.

Abu na farko da mutane ba su sani ba, a manyan kamfanonin jirage musamman na Amurka komai na matuƙi yana rataye ne da ranar da aka ɗauke shi aiki. Da ita za ka zama kyaftin, da ita za ka zaɓi jirgin da za ka tuƙa, da ita za ka samu hutu lokacin bukukuwa, kuma ranar da kasuwa ta faɗi daga ƙasan layi ake fara tura mutane hutun dole babu albashi. In ka ce bari ka koma wani kamfani, ko shekararka ashirin kana tuƙi a can ɗin ma ƙarshen layi za ka je ka tsaya. Bayan harin 11 ga Satumba 2001 dubban matuƙa aka tura gida, wasunsu sun yi kusan shekara goma kafin a sake kiransu, musamman da aka zo 2007 aka ɗaga shekarun ritaya daga 60 zuwa 65, manya suka ƙara zama a kujerunsu. To ka ga yaron da ya ci bashi ya yi karatun tuƙi, bashin nan ba ya tafiya hutu.

Kuma zama a gida ɗin ma ba zama ba ne kawai. Dokar tuƙi ta ce sai ka tashi ka sauka sau 3 a cikin kwana 90 kafin ka ɗauki fasinja, in ya wuce sai an mayar da kai na'urar kwaikwayon tuƙi an sake gwada ka, ga gwajin likita da shi ma yake da wa'adi. Duk kuɗi ne, kuma wanda ba ya kan albashin kowa daga aljihunsa zai biya.

Shi ya sa da korona ta zo a 2020, zirga-zirgar fasinja a duniya ta faɗi da kusan kashi 66 cikin ɗari, rigimar da ta tashi a tsakanin su kansu matuƙan ta fi wadda ke tsakaninsu da masu kamfani zafi. Gwamnatin Amurka ta ba kamfanonin fasinja dala biliyan 25 don biyan albashi da sharaɗin ba za a sallami kowa ba har ƙarshen Satumba. Da wa'adin ya matso sai aka kawo wa matuƙa zaɓi, ko kowa ya yarda a rage masa awannin aiki da kuɗi, ko a yanke na ƙasa. Wasu manya suka ce a'a, mun taɓa gani, bayan 2001 mun yarda an rage mana albashi don a ceci kamfani amma duk da haka kamfanin United ya shiga kotun fatara a 2002, Delta da Northwest suka bi a 2005, fanshon wasu ya tafi, abun da ka bayar da sunan na ɗan lokaci ne ba ya dawowa da sauƙi. Ban ga laifinsu ba gaskiya, wanda maciji ya taɓa sara in ya ga tsumma sai ya gudu. Amma ni ina tare da ɗaya ɓangaren. Matuƙan United sun kaɗa ƙuri'a suka yarda da ragin awanni, aka tsira da mutum 2,850 da aka riga aka shirya turawa gida, na Delta ma suka yi makamancin haka a Nuwamba. A Ingila matuƙan British Airways suka karɓi ragin albashi na kashi 20 na ɗan lokaci, korar da aka ce za ta kai mutum 1,255 ta dawo wajen 270. American Airlines ta Amurka kuwa ta tura matuƙa wajen 1,600 gida a watan Oktoba. Da fasinja suka dawo da ƙarfi a 2022 sai ga kamfanoni suna soke tashi saboda babu isassun matuƙa, ga waɗanda aka lallaɓa suka yi ritaya da wuri sun tafi ba dawowa, ga layin masu jiran a sake horar da su. Wanda ya riƙe mutanensa shi ya fi saurin miƙewa.

Yanzu maganar kaya, wadda nan ne nawa fannin. Eh kaya ya ceci mutane da yawa, ba musu. Kafin korona wajen rabin kayan da ake ɗauka ta sama a cikin tumbin jiragen fasinja suke tafiya, ƙarƙashin ƙafafunku, to da jiragen nan suka tsaya sai wuri ya yi ƙaranci kuɗin kilo ya yi tashin gwauron zabi, ga duniya na neman takunkumi da safar hannu da kayan gwaji daga China. Ethiopian Airlines na Habasha a ƙarƙashin shugabansu na lokacin Tewolde GebreMariam suka cire kujerun jiragen fasinja 25 suka mayar da su na kaya, su ne suka rarraba wa ƙasashen Afirka kayan yaƙi da korona da attajirin China Jack Ma ya bayar a watan Maris na 2020, kuma suka ƙetare shekarar ba tare da gwamnati ta ba su kuɗin ceto ba. Korean Air ma har riba ta ci a tsakiyar shekarar albarkacin kaya.

Amma Malam Edita da ka ga yadda ake lodin irin jirgin nan da ka san dabara ce ta dole. Ƙofar fasinja ƙarama ce, injin lodi ba ya shigar da babban faleti ta nan, sai dai ma'aikata su jeru a matakala ana miƙa kwali hannu da hannu awa da awanni, a ɗora a kan kujeru ko a ƙasa a rufe da raga a ɗaure. Kaya mai nauyi ba ya hawa saboda daɓen ba don shi aka yi ba, kuma dole a zaunar da wasu ma'aikata a ciki suna zagayawa da abun kashe gobara don wajen zaman fasinja ba shi da na'urar kashe wuta irin ta ƙasa. Shi kuma matuƙi yawanci tafiyar dare ce, ya sauka a wata ƙasa a wuce da shi ɗakin otal a rufe, abinci a ajiye masa a bakin ƙofa, gobe ya juyo. Duk da haka rububin aikin suke yi, da babu gara ba daɗi, ko ba komai lasisinka bai mutu ba.

Inda mai bugo wayar nan ya yi kuskure shi ne, Habasha ba ranar da cuta ta zo suka fara ba. Suna da jiragen kaya zalla ƙirar Boeing 777 tun kafin nan, suna da katafaren wajen ajiya mai sanyi a Addis Ababa, suna da sansani a Liege ta Beljiyam inda suke kai furanni su ɗauko wani kayan. Kuma manyan jirage masu dogon zango ne suka ci wannan kasuwa. Mai tuƙa ƙaramin jirgi tsakanin Kano da Abuja kayan me zai ɗauka, zuwa ina? Kowane nau'in jirgi da takardar ƙwarewarsa daban, ba kamar direban Hiace ba ne da zai iya karɓar makullin J5 ya wuce. Sannan kasuwar kayan ita ma tana faɗuwa, a 2023 da farashi ya sauko manyan kamfanonin dakon kaya na Amurka ma sun ji a jikinsu, UPS ta yi wa manyan matuƙanta tayin kuɗi su yi ritaya, FedEx kuwa har nuna wa nata hanya ta yi su nemi aiki a wani ƙaramin kamfanin fasinja. Mutanen da shekara biyu baya kowa ke sha'awar kujerarsu fa.

Mu nan gida mun gani da idonmu. An rufe filayen jirgi a Maris 2020, na cikin gida bai dawo ba sai Yuli, na waje sai 5 ga Satumba. Aikin Hajji babu ga mutanen waje a 2020 da 2021, kuma kowa ya san jigilar alhazai ita ce kakar wasu kamfanoninmu na Arewa. A watan Agusta 2020 Air Peace ta sallami matuƙa wajen 70, Bristow ta sallami matuƙa da injiniyoyi kusan 100, ƙungiyarsu ta NAAPE ta yi ta kumfar baki. Babu wani tudun kaya da za a gudu a hau, don matsalarmu tsohuwa ce, jirgi ya zo mana cike ya koma kusan wayam. Ridi da citta da zoɓo ta ruwa suke fita, abun da ya dace da jirgin sama irin su ganye da barkono ɗanye da nama yana son ɗakin sanyi da wuta tsayayya da takardun da Turai za ta yarda da su, mu kuwa wakenmu ma tun 2015 Tarayyar Turai ta hana shi shiga saboda maganin ƙwari. Rigakafin korona na farko na COVAX, shirin raba wa ƙasashe rigakafi, da ya sauka Abuja a Maris 2021, jirgin Emirates ne ya kawo mana.

Don haka ina roƙon in za ku sake taɓo batun nan ku gayyato matuƙi ɗaya babba da ɗaya ƙarami ku haɗa su a teburi guda, da wani daga NAAPE, a tambaye su ko akwai wata yarjejeniya a rubuce da kamfanoni kan raba ragin albashi kafin a kai ga kora. A kuma nemo wani daga hukumar filayen jiragen sama ta FAAN ya gaya mana ina aka kwana kan wajen ajiyar kaya mai sanyi a filin jirgin Malam Aminu Kano.

Na gode, a gaida ma'aikata.

Mai sauraronku a kullum, daga Kano.